Daga Dami Zuwa Ma'auni: Yadda Ake Lissafa Ko Hatsin Gari Zai Kai Wata Kaka

Da zarar zangarniyar gero ta nuna a jigawar Madawa da duwatsun Buza da kwaruruwan Keita, tambaya ɗaya ce ke yawo daga zauren hakimi zuwa ofishin malamin gona: abin da aka samu bana zai kai wata kaka? Amsar da gwamnati ke bayarwa a Yamai bayan girbi ita ke fayyace garuruwan da za a sayar wa hatsi da rahusa daga rumbunan hukumar abinci ta OPVN, da waɗanda za a raba wa kyauta, da waɗanda za a bari da abin da suka noma. Ƙidayar 2012 ta samu mutane kimanin 545,000 a gundumar Madawa, 445,000 a Buza, 337,000 a Keita, kuma galibinsu da gero da dawa suke rayuwa. Alƙaluman da ake yanke musu hukunci da su kuwa daga wani ɗan fili mai mita goma-goma suke fitowa, a tsakiyar gonar wani manomi. Kwamitin bankin hatsi, ko ƙungiyar manoma, ko ɗan makarantar da ya iya ninkawa da rabawa, duk za su iya yin wannan lissafi da kansu, su kuma gane inda na hukuma ya kauce.

Sana'ar da ta girmi ma'aikatu

Manzon Allah (SAW) yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha zuwa Haibara ya ƙiyasta dabino tun yana bisa itace. Babin zakka da ake karantawa a zaurukan wannan yanki na Adar shi ma cike yake da awo: nisabin hatsi wasƙi biyar ne, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Shi ya sa manomi ya saba ƙirga dammunansa kafin su shiga rumbu.

A Indiya, waziri Todar Mal na sarki Akbar ya daina yarda da igiyar awo, domin laima na tsuke ta, rani na sake ta. Ya sa aka auna gonaki da sandunan gora da aka haɗa da zobban ƙarfe, kuma a 1580 ya ɗora haraji a kan matsakaicin amfani da farashi na shekaru goma, maimakon abin da shekara ɗaya ta bayar.

Turawa sun shigo sahun a ƙarni na 17. William Petty, likita ne ɗan Ingila, ya horar da sojoji kusan dubu suka auna ƙasar Ailan da sarƙa a 1655 da 1656. Littafinsa Political Arithmetick, wanda ya fito a 1690 bayan mutuwarsa, ya nemi masu mulki su riƙa magana da adadi da nauyi da awo, su bar "da yawa" da "kaɗan". A Faransa, Vauban, injiniyan soja da ya ga yunwar 1693 da 1694, ya fitar da littafi a 1707 yana neman a karɓi kaso ɗaya tak daga amfanin gonar kowa, talaka da basarake, gwargwadon abin da aka auna. Fada ta haramta littafin, shi kuma ya mutu a wannan shekarar.

Sai dai awon Petty na ƙwace ne: gonakin da ya auna an karɓe su daga mutanen Ailan an raba wa sojojin Cromwell, shi ma ya samu rabo mai tsoka. Adar ta san irin wannan ƙirga. Nasara ya ƙirga kawuna domin lanho, ya ƙirga shanu domin jangali, jama'a kuma suka koyi ɓoye yaro da saniya duk ranar da mai littafi ya sauka a gari. Har gobe wannan tsoro bai gushe ba. Saboda haka kafin a kafa turke ko ɗaya, mai awo yakan zauna da hakimi da liman da magidanta, ya bayyana musu abin da za a yi da lissafin, ya kuma tabbatar musu littafinsa daban, na haraji daban.

Mataki na farko: a ƙirga bakuna

Abin ƙirgawa shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. Gida mai ƙofa ɗaya yana iya ƙunsar tukwane uku, kowace da rumbunta. Ana bi tukunya-tukunya a rubuta manya da yara har da jinjiri. A Keita da Buza, inda samari ke tafiya Abijan ko Libiya ko Nijeriya bayan girbi, ana ware musu layi dabam, a rubuta watannin da sukan yi a waje, tun da wanda ya bar gida daga Nuwamba zuwa Mayu bai ci rumbu wata bakwai ba. Almajiran da ke dawowa noma da damina su ma a sa su da watanninsu.

Hukuma ba ta sake ƙirga kowace shekara. Takan ɗauki adadin 2012 ta ƙara masa hauhawar jama'a, wadda a Nijar ta kai kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, abin da ke ninka mutane cikin shekara 18 ko kusa da haka. Wannan ƙiyasi yana aiki ga ƙasa baki ɗaya, amma ga ƙauye guda yakan zarce ko ya gaza sosai. Ƙirgar tukunya ta fi shi.

Mataki na biyu: a rarraba ƙasa, a auna ta

Ƙasar Adar ba iri ɗaya ba ce. Akwai fadamar Majiya da ta Tarka inda dawa ke yin kai, akwai jigawa ta gero da wake, akwai fako da saman duwatsu inda sai an yi tassa ko rabin wata shuka ke kamawa. Wanda ya gwada fadama kawai ya ninka a kan dukan gari ya ƙirƙiro hatsin da babu shi. Don haka ana jera gonakin gari kashi-kashi bisa irin ƙasarsu, sannan a zaɓi na gwaji daga kowane kashi ta hanyar ƙuri'a: a rubuta sunayen gonaki a ƙananan takardu, a zuba a hula, yaro ya ciro. Gona goma daga kowane kashi mafari ne mai kyau ga ƙauye matsakaici.

Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Malaman gona yanzu da na'urar GPS ko wayar salula suke kewaya iyaka, na'urar ta ba da girman. In babu, igiya mai mita 50 ta isa: a yanka gonar a ido zuwa gidaje masu kusurwa huɗu da masu uku, a auna kowane, a tara. Abin da aka shuka kaɗai ake aunawa; a fitar da kwazazzabo da tulin duwatsu da saurar da aka bari. Bai kamata a tsaya ga faɗar mai gona ba, ko da amintacce ne. Binciken da aka yi da GPS a ƙasashen Afirka da dama ya nuna mai ƙaramar gona yakan zata ta fi haka girma, mai babba kuma yakan rage tata.

Mataki na uku: a kafa filin gwaji

Ana yin wannan a Yuli ko farkon Agusta, bayan shuka ta tsaya an yi noman fari. Kayan aiki kaɗan ne: turaku huɗu, igiya mai mita 40 da aka ƙulla kowace mita goma, ma'aunin tsawo, littafi da biro.

Wurin da za a kafa shi ne tarkon farko. In an bar wa mai gona, zai nuna inda ya fi kyau don alfahari, ko inda ya fi lalacewa don fatan taimako. In an bar wa mai awo, ƙafarsa za ta kai shi kusa da hanya ko inuwar gawo, inda gero ya fi ko'ina kyau. Maganin abin ƙuri'a ce. A taka tsawon gonar da faɗinta, a ciro lamba biyu daga hula, ɗaya ba ta wuce takun tsawo ba, ɗaya ba ta wuce na faɗi ba. Daga kusurwar gona a yi taku na lambar farko a bin iyaka, a juya ciki a yi na biyu. Inda ƙafa ta tsaya nan turken farko zai shiga, ko da kan fako ne, ko cikin ƙuduji.

Daga nan a ja igiya a kafa sauran ukun. Don a tabbatar filin bai karkace ba, a auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta: mita 14 da santimita 14 ya kamata a samu ta kowane ɓangare. Gindin da igiya ta bi ta kansa shi ne tarko na biyu, domin hannu yakan jawo shi ciki. Ƙa'idar ita ce a ɗauki na gefe biyu, misali gabas da arewa, a bar na yamma da kudu. Wasu ƙasashe suna amfani da fili mai mita biyar-biyar, amma ga geron da ake shukawa da tazara mai faɗi, mai goma-goma ya fi, tun da a ƙaramin fili gindi biyu na kuskure sun isa su kumbura sakamako. Masana lissafi na Indiya, Mahalanobis da Sukhatme, sun nuna haka tun shekarun 1940.

Sai alkawari da mai gona: zai noma filin kamar sauran gonar, ba ƙarin taki, ba ƙarin nome, yara ba za su karyi tumu a ciki ba, kuma ba za a girbe shi ba sai mai awo na nan.

Mataki na huɗu: girbi da ma'auni

Ranar girbi a yanke zangarkun cikin igiya kaf, masu ido da marasa ido, a ƙirga su, a zuba a buhu mai lamba. A shanya har sai nauyin buhun ya tsaya bai sauya ba kwana biyu a jere, saboda ruwan da ke cikin ɗanyen hatsi yana ƙara masa nauyi. A sussuka, a sheƙe, a ɗora tsabar a ma'aunin rataye da aka gwada da abin da aka san nauyinsa, kamar lita ɗaya ta ruwa wadda ke daidai da kilo ɗaya. Filin ɗaya bisa ɗari ne na hekta, saboda haka ana ninka abin da aka samu sau 100: kilo 4.2 na nufin kilo 420 a hekta. Matsakaicin gero a Nijar yakan tsaya tsakanin kilo 400 da 500 a hekta, don haka wanda ya ga 1,500 a jigawar da ba ta ga taki ba, ya koma ya duba igiyarsa. Wake kuwa sau biyu ko uku ake tsinkarsa, kowace tsinka da awonta. Bayan an gama a mayar wa mai gona hatsinsa, ko tsaba ɗaya kada ta bi mai awo.

Ko an kiyaye duk wannan, filin gwaji yana da halin ƙari. Wani bincike da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 a ƙasashen Afirka biyar, har da Nijar, ya girbe gonaki gaba ɗaya ya gwada da sakamakon ƙananan filaye, ya tarar filayen sun zarce gaskiya da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali abin da manoma suka faɗa da bakinsu bayan girbi ya fi kusa. Shi ya sa mai awo na ƙwarai ke haɗawa da ƙirgar dami. A tambayi mai gona dami nawa ya ɗaure, a zaɓi biyar da ƙuri'a, a sussuka, a auna da tiya, a auna da kilo, a fitar da matsakaici. Dole a sake wannan a kowane gari kuma kowace shekara, domin damin Tamaske ba lalle ya yi daidai da na Sabon Gida ba, kuma a shekarar da tsutsa ta ci zangarniya dami yakan cika ido ya rasa tsaba. In hanyoyin biyu sun yi nisa da juna, a nemo dalili kafin a rubuta komi.

Irin wannan gwaji ne ya nuna amfanin layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975: geron da ke bayan itatuwan ya fi na fili da kusan kashi 20 cikin ɗari. Garuruwan Keita, inda aikin da Italiya da FAO suka fara a 1984 ya farfaɗo da fiye da hekta 30,000, mata ne kuma suka ɗauki mafi yawan duwatsun, za su iya kafa fili ɗaya a bayan shingen dutse, ɗaya a wajensa, su san ko gyaran shingen ya biya wahalarsa.

Mataki na biyar: lissafin gari

A ɗauki misali da ƙauye mai mutum 1,200 da hekta 600 na gero, matsakaicinsa kilo 420. Abin da aka noma kilo 252,000 ne. Ana cire kashi 15 cikin ɗari na iri da ɓarna, yadda ƙasashen ƙungiyar CILSS suka saba yi wa gero da dawa, saura 214,200. Hukumomin Nijar suna lissafa kilo 231 ga kowane mutum a shekara. A da sukan sa 250 ga mazauna karkara, 200 ga 'yan birni da makiyaya. Da 231, tiya ɗaya mai kilo biyu da rabi abincin mutum huɗu ce a yini, gida mai mutum goma kuma buhu 23 yake buƙata. Ƙauyen misalin yana buƙatar kilo 277,200. Giɓinsa 63,000 ne, buhu 630 masu kilo ɗari.

Adadin da ya fi amfani shi ne na watanni. Abin da ke hannu kashi 77 cikin ɗari ne na buƙata, wato wata tara da 'yan kwanaki. In an fara ci a Oktoba, rumbu zai ƙare a farkon Yuli, daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfi a gona, lokacin da magidanci ke barin tasa ya tafi ƙwadago a ta wani. Kwamitin bankin hatsi da ya san haka tun Nuwamba ya san buhu nawa zai saya da kaka, da watan da zai buɗe ƙofa.

Matsakaici kuma yana ɓoye mutane. A wannan ƙauye akwai mai hatsin shekara biyu, akwai gwauruwar da nata ba zai wuce Janairu ba. A maimaita lissafin tukunya-tukunya, a jera gidaje kashi uku: masu ƙasa da wata uku, masu uku zuwa shida, da masu fiye da haka.

Mataki na shida: a leƙa kasuwa

Gregory King, wani mai lissafi na Ingila, ya bar wani jadawali da Charles Davenant ya buga a 1699: in girbi ya gaza da ɗaya bisa goma, farashi kan hau da uku bisa goma, in ya gaza da biyu, ya hau da takwas, in rabi ya tafi, ƙarin ya kai ninki huɗu da rabi. Nijar ta ga abin da ya fi haka. Giɓin kakar 2004 tan 223,000 ne, bai kai ɗaya bisa goma na buƙatar ƙasa ba, kuma masu duba jimillar ƙasa ba su firgita ba. Amma hatsi ya yi tsada a Nijeriya ya bi ta can, maƙwabta sun tsuke fitar da nasu, manoma da yawa kuma sun biya bashin damina da hatsin kaka. Zuwa tsakiyar 2005 buhun gero ya kai jika 30 a kasuwanni da dama, kusan ninki uku na farashin kaka, farashin dabbobi kuma ya faɗi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Keita, yayin da Shugaba Tandja Mamadou ke musanta cewa akwai yunwa.

Saboda haka littafin gari yana buƙatar shafin kasuwa. Kowace ranar kasuwa, a Tunfafi ko Tamaske ko Karofane, a rubuta kuɗin tiyar gero, a kuma auna tiyar kanta a ma'auni, yadda ma'aikatan SIMA masu bin farashi ke yi, domin tiyar mai saye da ta mai sayarwa ba kullum suke daidai ba, tozon da ake yi mata ma yana raguwa in hatsi ya yi wuya. Sannan a mayar da komi tiya: akuya tiya nawa take sayowa, yinin ƙwadago tiya nawa, buhun albasa tiya nawa. Ƙauyen kwarin Tarka da geronsa ya gaza amma albasarsa ta yi kuɗi yana iya fin wanda ya cika rumbu da bashi a kansa kwanciyar hankali. Ita ma albasar a ɗora ta a ma'auni, tun da buhun da ake ɗinka wa hula yakan wuce kilo ɗari nesa ba kusa ba, kuɗin kuwa na buhu ɗaya ne. A Buza da Keita a ƙara layin kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa, da watan da yakan iso.

Inda alƙaluman ke zuwa

Sakamakon malamin gona yana hawa daga kwamin zuwa gunduma, zuwa Tawa, zuwa sashen ƙididdiga na ma'aikatar noma a Yamai, inda ake haɗa shi da bayanan ruwan sama da hotunan tauraron ɗan'adam irin na cibiyar AGRHYMET. Hukumar gargaɗin gaggawa ta SAP, wadda aka kafa a 1989, tana fitar da jerin yankunan da ke cikin hatsari, kuma garin da giɓinsa ya wuce rabi yakan shiga sahun gaba. A kowace matakala akwai mai son adadin ya sauka don taimako ya zo, akwai mai son ya hau don a ce damina ta yi kyau a hannunsa.

Garkuwar gari ita ce rubutu mai shaidu. Kowane awo a yi shi gaban mai gona da mutum biyu, a sa ranar da lambar gona da irin ƙasa. A yi kwafi uku: ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin kwamiti, ɗaya a miƙa wa malamin gona kafin ƙarshen Oktoba, tun rahoton gunduma bai tafi Tawa ba. Ƙirgar tukwane a Yuni, kafa turaku a Yuli, girbi da awo a Satumba da Oktoba, shafin kasuwa kowane mako har shekara ta zagayo. Kada a yar da littafin bara. Daga shekara ta shida gari zai iya gwada kowace kaka da matsakaicin biyar da suka gabata, wanda shi ne ma'aunin da SIMA da SAP ke amfani da shi idan suna son sanin ko farashin bana ya fita daga al'ada.